Ƙafar Resista da Hannun Hagu na Yaya

Yayana malamin gona ne. Aikin da gwamnati ta san shi da shi ke nan, kuma shi ya yi har ya ajiye, yana yawo a kan babur cikin fadamun Kalgo yana gardama da manoman shinkafa a kan iri da taki. Amma mu 'yan gida da wani abu daban muka san shi. Tun yana saurayi, in rediyo ta mutu a unguwa, wurinsa ake kai ta. Ba sana'a ya ɗauki abin ba, sha'awa ce kawai. Wani lokaci ya gyara, wani lokaci ya duba ya ce wa mai ita ta riga ta tafi, sannan ya roƙa a bar masa kayan cikinta.

Ni ce autarsu, kuma har yau da na fara furfura Auta yake kirana. Aure ya kai ni Gwandu, ina koyarwa a firamare. Shi kuwa yana nan Kalgo a gidan da aka haife mu, shi da matarsa, yara duk sun watse neman na kansu.

Akwai wani ɗan ɗaki a gefen zaure da ya mayar nasa. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, sai gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne da abin da ke ciki. Ɗakin kullum warin dalma yake, wadda ake narkarwa da ƙarfe mai zafi a liƙe waya da ita. A nan ya haɗa fitilu masu caji ga masunta abokansa, ya haɗa wata 'yar na'urar ƙara murya da masallacin unguwa ya daɗe yana amfani da ita. Ni ban taɓa koyon aikin ba, amma na sha zama ina kallo, har na san sunayen wasu abubuwa. Wanda ya fi yawa a gwangwanayen shi ne resista: ɗan mitsitsin abu kamar ƙwayar shinkafa da aka yi wa zobba masu launi, da siririyar waya a miƙe ta kowane gefe. Wayoyin nan su ake ce wa ƙafafu. Kafin a dasa resista a allo mai huji-huji, sai an lanƙwasa ƙafafun biyu sun kalli ƙasa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta zo daidai da ta hujin. Yaya yakan riƙe da 'yar filaya a hannun hagu, ya lanƙwasa da babban yatsan dama, yana hira bai ko kallo. Yakan ce in ka lanƙwasa dab da jikin, ka fasa ta a ciki ba ka sani ba, sai an gama aiki ta ba ka kunya.

A wata bazara hawan jini ya kayar da shi bayan sallar azahar. Aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Ya daɗe a kwance, muka yi ta jigila. Da aka sallamo shi, ƙafar dama ta ɗan dawo, yana takawa da sanda. Maganarsa ma ta dawo, sai dai da nauyi, kamar mai magana da goro a baki. Hannun dama ne bai dawo ba. Yana nan rataye, yatsun a dunƙule.

Duk ƙarshen mako nakan hau mota in je duba shi. Ina samunsa a tabarma ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, ya jingina da bango. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi maigidana da yara, daga nan sai shiru. Ɗakin gefen zaure a kulle yake. Matarsa, wadda nake kira Yaya Babba tun ranar da aka kawo ta gidan, ta ce da kansa ya sa aka kulle, kuma makullin yana aljihunsa.

Wata Asabar na iso da hantsi, na tarar da ƙofar ɗakin a ɗan buɗe. Na leƙa. Yana zaune a kujera, ya cije resista da haƙoran gaba, yana ƙoƙarin lanƙwasa ƙafarta da hannun hagu. Ta suɓuce. Ya lalubo ta a cinyarsa, ya mayar baki. A karo na gaba wayar ta karce masa leɓe, jini ya ɗan fito. Sai a lokacin ya gan ni.

"Auta, shigo ki turo ƙofa," ya ce.

Na shiga na tsuguna na gaishe shi. A kan tebur akwai resista da yawa a warwatse, wasu ƙafarsu ta karkace, wasu ta karye.

"Liƙi ban da matsala da shi," ya ce, yana goge leɓe da gefen riga. Ya nuna min yadda ya naɗe dalma a jikin ƙusa ta tsaya da kanta, ta yadda zai iya kawo ƙarfe mai zafi da hannu ɗaya. "Wanga na samo dabararshi. Amma lanƙwasa, sai da hannu biyu. Ɗaya shi riƙe, ɗaya shi lanƙwasa."

"To in riƙa lanƙwasa maka mana, Yaya. Ko Yaya Babba ta yi."

Ya dube ni. "In wani ya tauna miki abinci, ke kin ci ke nan?"

A mota ina komawa Gwandu na yi ta tunanin cewa ai duk aikin da hannu ke yi, wani ya taɓa ƙera masa kayan aiki. Ba zai yiwu a ce duk duniya babu abin lanƙwasa ƙafar resista ba.

Na fara da kasuwar Gwandu. Na je rumfar mai kayan wuta na yi masa bayani iya iyawata, ya ba ni filaya mai jan hannu, irin ta masu haɗa wutar gida. Da na kai wa Yaya, ya juya ta a hannu, ya ce da wannan sai dai a cire haƙorin jaki. Wannan ne karo na farko da na ji ya yi wasa tun da ya kwanta, saboda haka ban ji haushi ba. Mako na gaba na kai masa hantsaki da na samo wurin wani wanzami maƙwabcinmu. Hantsakin ya kama ƙafar da kyau, amma matsalar tana nan: hannun da ya riƙe hantsaki ba shi ne zai lanƙwasa ba.

Wata malama da muke koyarwa tare, mai son bincike a waya, ita ta nemo min bidiyo. Muka zauna a ofis lokacin tara muna kallo. Wani mutum ne da ba a ganin fuskarsa, riƙe da wani jan abu na roba mai siffar tsani, faɗi a ƙasa, tsukakke a sama, an yi masa tsaga-tsaga a gefe biyu. Yana kwantar da resista a tsaga, ya danna ƙafafun ƙasa, shi ke nan. Na ce ta tura min hoton. Ta gwada saye ta waya, aka ce ba a kawowa inda muke.

Da hoton nan na shiga Birnin Kebbi. Na fara da masu gyaran waya, domin su na fi gani da ƙananan kayan aiki. Suka karɓi wayata suna miƙa wa juna. Ɗaya ya ce, "Hajiya, kayan da muke aiki da su yanzu ba su da ƙafa, a kwance ake liƙa su." Ya tura ni wurin masu sayar da kayan rediyo da talabijin. A can wani ya ce mashaci ne na Turawa. Wani ya ce abin auna kaurin waya ne. Wani dattijo mai gilashi ya daɗe yana kallo, ya ce ya taɓa ganin irinsa a kudu, zai sa a tambaya. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min ruwa, ya tambaye ni ko ɗana ne ke karatun lantarki. Da na gaya masa ko don wa nake nema, ya ce shi ma mahaifinsa haka ya ƙare, a zaune, bayan ya yi rayuwarsa yana ɗinki. Na bar masa lambata. Na koma wurinsa sau da dama, kullum yana ba ni haƙuri. Abin bai taɓa zuwa ba.

Har Jega na je ranar kasuwa. Na dawo da ciwon kai da buhun albasa.

Maganar mutumin da ya ce mashaci ne ta tsaya min a rai. Na ɗauki wani mashacin roba mai kauri a gida, na kai Kalgo tare da hoton. Yaya ya karɓi wayar, ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa na danne mashacin a gefen tebur, ya saƙa ƙafar resista tsakanin haƙoransa, ya danna. Ƙafa ɗaya ta lanƙwasu da kyau. Ya juya don ya yi ɗayar, tazarar ta wuce. Ya sake da wata, ta gaza. Ya sake, haƙorin mashacin ya ɓalle. Ya ture komai gefe, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da zan tafi, Yaya Babba ta raka ni har bakin zaure, ta riƙe min gefen hijabi.

"Auta, in gaya miki magana, kada ki ji zafi. Duk ranar da kika kawo wani abu kika tafi, ni nake kwana da shi. Ba ya cin tuwo. Rannan na same shi yana hawaye, mutumin da ko ranar da Inna ta rasu ban ga hawayensa ba. Ya fara saba wa zamansa, ke kuma kina tayar masa da abin da ya wuce. Ki bar shi ya huta."

Na ji zafi, ko da ta ce kada in ji. Amma ita ke wanke shi, ita ke ɗaura masa mazagin wando, ita ke tashi in ya yi tari. Ni baƙuwar Asabar ce. Na ce mata to. Daga nan in na je, sai in kai fura ko kifi, mu yi hirar damina da ta fara, da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Ban ƙara tayar da zancen ba, shi ma bai tayar ba. Maigidana ya ce hakan ya fi, ai ba kowane ciwo ɗan'uwa ke iya warkarwa ba.

Shinkafa ta fara tsayi a fadama lokacin da Yaya Babba ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yayanki ya cinye min mashatai. Na sayi sabo, jiya na same shi a ɗakinsa babu haƙora biyu. Ki zo ku ƙarasa abin da kuka fara, ni na gaji."

Da na je, ya sa na zauna a gefen tabarma. Ya share ƙasa da tafin ƙafa, ya yi zane da bakin sandarsa: layi biyu a jere, da rami a tsakani.

"Abin ga da kika nuna min, ba tsagar ce dabarar ba," ya ce. "Ramin ne. Jikin resista shi faɗa cikin rami, ƙafafu su hau bango biyu. Kin ga ba ta motsi. Sai in danne ta da manuniya, in matse ƙafafun da babban yatsa da na tsakiya, lokaci guda. Amma sai an kafe abin a tebur."

Na kai zanen a kaina wurin wani kafinta abokin maigidana a Gwandu. Ya yi ƙoƙari, ya fafe guntun katako ya yi masa rami da tsaga. Amma bangon ya yi kauri, da ya rage kaurin kuma sai katakon ya tsage. Ya sake wani, shi ma haka. Ya ce katako ba zai yi siririn da ake so ya kuma yi ƙarfi ba, sai dai ƙarfe.

Na mayar wa Yaya da wannan amsa ina jin tsoron yadda zai ɗauka. Bai ɓata rai ba. Ya ɗaga kai yana kallon tagar ɗakin Yaya Babba, wadda babban ɗansu ya sa aka canza ta koma ta alminiyam. Ya ce in je in shafa inda gilashin ke gudu in gaya masa abin da na ji. Na je na shafa. Rami ne mai bango biyu sirara.

"Kira min mai Keke Napep," ya ce.

Tun da ya dawo daga asibiti, iyakarsa masallacin ƙofar gida. Yaya Babba ta fito da hula da babbar riga ta sa masa, tana faɗa ƙasa-ƙasa cewa hadari na haɗuwa. Muka ɗora shi a Keke, na zauna a gefensa na dama ina tallafe da hannun. A hanya mutane suna ɗaga masa hannu, wani manomi har ya biyo mu da gudu don ya gaishe shi. Yaya yana amsawa da kai, bai son a ji nauyin bakinsa.

Wurin mai haɗa tagogin alminiyam muka nufa. Yana bakin babban titi, magidanci ne mai fara'a, kuma ya san Yaya tun lokacin da Yaya ke zuwa duba musu gona. Ya shimfiɗa masa buzu a kan benci, ya jawo kwandon guntaye ya zube a gabansa. Yaya ya zaro allo mai huji daga aljihu, yana ɗaukar guntu yana gwada faɗinsa da hujin, yana ajiyewa. Ya ware guda biyu, ɗaya tsukakke, ɗaya mai ɗan faɗi don manyan resista. Mai tagar ya ɗaure na farko, ya kawo zarto zai yi tsaga.

"Kada ka zurfafa," in ji Yaya. "Iyakar kaurin waya."

"To, Baba."

"Ka zurfafa."

"Ban ko fara ba, Baba."

"Na ga yadda ka riƙe zarton."

Mutumin ya yi dariya, ya sassauta. Suka yi ta yi, wannan na yanka, wannan na gyara masa. Ruwa ya sauko, muka matsa cikin rumfa, ƙarar kwano ta sa sai sun ɗaga murya. A nan na lura Yaya ya manta da nauyin bakinsa, yana magana da ƙarfi kamar yadda yake yi da manoma a da. Gwajin farko, bakin alminiyam ya yi kaifi, ya ci rabin wayar. Aka goge shi da magagari har ya yi laushi. Aka kafe guntayen biyu a kan wani katako mai nauyi da sukurori, ramin yana kallon sama.

Yaya ya ɗauki resista, ya sa ta a rami. Hannun hagu bai saba ba, sai da ya gyara mata zama. Ya danne da manuniya, ya matse. Ya ɗago ta ya duba a haske, sannan ya kai ta kan allo. Ƙafafun biyu suka shige hujinsu ba tare da an tilasta musu ba. Ya ɗauki wata ya sake, ita ma ta shige. Ya yi ta yi har ya ƙarar da waɗanda ya zo da su a aljihu, mu kuwa muna tsaye muna kallo, har ruwan ya tsagaita.

"Ta ɗan karkace ta hagu," ya ce a ƙarshe. "Amma za ta yi."

A gida aka kafe katakon a teburinsa. Makon da ya biyo baya na same shi yana aiki, na ga wani abin da ya sa na juya fuska na ɗan lokaci. In zai yi liƙi, allon yakan zame. Sai ya kamo hannunsa na dama da na hagu, ya ɗaga shi ya ɗora a gefen allon. Ya ga ina kallo, ya ce, "Ko ba ya aiki, ai yana da nauyi. Shi ma shi ci abincinsa da guminsa."

Abin farko da ya haɗa fitila ce ta madafa, don Yaya Babba. Abin da a da zai gama tsakanin la'asar da magariba, sai da ya cinye masa sauran damina. Liƙin ya yi tudu-tudu, ba kyan gani. Ranar da ya gama ya kunna, ba ta kama ba. Ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya gano ya juya wani abu baibai, ya cire ya sake. Da ta kama, Yaya Babba ta rataye ta a ƙusa, ta ce hasken ya yi fari da yawa, yana sa miya ta yi kamar ba ta nuna ba. Amma ba ta sauke ta ba.

Hannun bai dawo ba, kuma likita ya ce kada mu sa rai. Akwai ranakun da har yanzu yake wuni a tabarma bai shiga ɗakin ba, in an yi magana ya yi tsaki. Amma masunta sun koma kawo masa fitilunsu, sun san sai sun yi haƙuri. Wasu ma ina jin ba gyaran ne ke kawo su ba, zaman ne. Ni kuma zuwana ya ragu, gwiwa ta fara damuna, hawa mota ya zama aiki.

Zuwana na bayan nan, bayan an yi girbi, na same shi da guntun waya mai rufin roba a hannu. Ya amsa gaisuwata a gajarce.

"Auta, kin san yadda ake feɗe waya? A cire robar a bar tagullar?"

"Da reza na ga kana yi."

"Da reza da hannu biyu." Ya miƙo min wayar. Bakinta duk shaidar haƙori ne. "Ki tambayar min malamar nan taku mai waya, ko akwai abin da aka ƙera."

Yaya Babba tana tankaɗe a bakin madafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wannan karon ki sayo nasa mashacin daban."

Na sa guntun wayar a jaka. Ranar Litinin lokacin tara na kai wa malamar, muka jawo kujeru muka fara dubawa.